Safiyon Ƙarya a Dajin Birnin Gwari

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ni na ce Yaya Haruna safiyo ne, mai awon ƙasa na gwamnati. Ba safiyo ba ne. Ɗalibi ne mai koyon zane a Zariya, kuma irin zanensa ko Inna da ta haife shi ba ta gane shi. In ya ce ya zana dutse, sai ka ga kamar kaji sun yi dambe a kwanon fenti. Shi kuwa ya ce ba kamannin dutse yake bi ba, nauyinsa yake bi da zafinsa. An ba su zanen jarrabawar ƙarshe, a kai ranar Litinin, shi ya sa ya ɗauke ni dako zuwa duwatsun Birnin Gwari.

Alhamis: Kaduna zuwa Birnin Gwari

Mun bar gida a Tudun Wada ƙarfe biyar saura kwata, ko zakara bai gama gyaran murya ba. Ina ɗauke da allon katako mai faɗin ƙofar gari, Yaya yana rataye da jakar fenti. A tasha aka karɓi sule bakwai-bakwai, yaron mota ya nuna mana can ƙolin buhunan gishiri a bayan lori. Na dubi tsayin wurin, na ga daga nan sai gajimare. Da Yaya ya tafi sayen ƙosai, na ja yaron mota gefe.

"Kai, ka san wa za ka ɗora kan gishiri? Safiyon gwamnati ne. Ba ka ga allo ba?"

Nan take aka sauke wani ɗan kasuwa mai jan gemu daga gidan gaba, aka goge mana kujera da hula. Yaya ya dawo ya ce, "Bala, mutanen tashar nan akwai kirki." Na ce ƙwarai kuwa.

Ƙarfe takwas da minti goma muka iso shingen 'yan sanda na Buruku, Yaya yana barci. Direba ya leƙa ya ce, "Safiyo muka ɗauko!" Aka ɗage sanda har da sara mana. Gaba kaɗan taya ta fashe, muka yi awa ɗaya da rabi a daji, ƙudan tsando suka yi walima da ƙafafuna. Yaya sai kai da komo yake a bakin titi yana duban agogo. Mil saba'in da 'yan kai, sai biyu da rabi muka shiga gari. Mun sauka a unguwar Magajin Gari wurin wani tela abokin Baba, muka ci tuwon dawa da miyar kuka, na ƙara da furar taro.

Juma'a: gindin dutse

Shida da rabi muka hau motar itace mai bin hanyar Dogon Dawa, sule ɗai-ɗai. Bayan mil tara muka sauka, muka yi mil uku a ƙafa zuwa wani ƙauye a gindin dutse. Ba zan faɗi sunansa ba, don ina so in sake zuwa wata rana da kunnuwana biyu. Gaisuwarsu gajera ce. Mata suka janye yara cikin gida. Mai-unguwa ya ba mu ɗaki da ruwa, amma bai tambayi gajiya ba.

Yaya bai lura ba. Dutsen ya riga ya kama shi. Sau uku muka kewaye shi, ya ce a ajiye allo, in na ajiye ya ce a ɗauka. Na rantse sai da tsayina ya ragu da taƙi guda. Daga ƙarshe ya tsaya ta gabas ya fara. Ya shafa toka-toka da yatsu, ya ɗora baƙi, ya kankare da wuƙa, ya yayyafa fari. Wajen la'asar ya ja wani jan layi daga sama har ƙasa, ya ja da baya yana haki.

"Shekara uku nake neman wannan," in ji shi.

Ni dai na ga mutum biyar a bayan ɗorawa suna kallonmu, kuma ba kallon sha'awa ba.

Asabar: shari'a da komowa

Ƙarfe bakwai na safe aka kira mu ƙofar zaure, aka ce mu zo da allo. Garin duka ya hallara. Wa zan gani a kusa da Mai-unguwa? Ɗan kasuwan nan mai jan gemu. Ashe ƙaninsa ne, Malam Tanko.

Mai-unguwa ya sa yatsa kusa da jan layin. "Ranka ya daɗe, wannan iyakar daga ina zuwa ina?"

Yaya ya ce, "Wace iyaka, Baba? Zane ne."

"Na sani. Ina yaro wani Bature ya zo da allo irin wannan, ya ja jan layi. Tun daga ranar, hayin rafi ya zama gandun daji. Gonar ubana tana ciki, kabarinsa ma yana ciki. In na saro ice a can, tara. Yanzu kuma dutsen kuke so?"

Ban ƙara jin abin dariya ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ni na ƙaga maganar nan don in samu gidan gaba. Wallahi ko awon gero Yaya bai iya ba."

Yaya ya juyo ya dube ni, duban da har yau nake jin sa a ƙeya.

Malam Tanko ya ce, "Shekaranjiya safiyo, yau ba safiyo ba. To wacce ce ƙaryar, ɗan nema? Ni na sha rana mil saba'in a kan gishiri, kamar kilishi!"

Ana cikin haka wata tsohuwa ta sauke ƙwaryar itace daga kafaɗarta, ta kutsa ta tsaya gaban allon. Ta daɗe tana kallo, sai ta yi dariya.

"Ba iyaka ba ce. Hanyar ruwa ce, inda yake gangarowa da damina ya bar ja. Baƙin nan kogon jemagu. Farin nan kashin ungulu." Ta matsa kusa. "Nan muke shanya barkono. Yaro, ka sa har zafin wurin."

Yaya ya kama hannunta biyu. "Kaka, malamaina ma ba su taɓa ganin haka ba!"

Na ce a raina mun tsira. Mai-unguwa ya gyara zama ya ce, "To, ka ji. In tsohuwa mai ido ɗaya da rabi ta gane dutsenmu a ciki, gwamnati mai tabarau ma za ta gane. Na yarda kai ba safiyo ba ne. Amma allo ba ya zaɓen hannun da zai faɗa. Ku ku tafi lafiya, dutse ya kwana gida."

Yaya ya roƙa, ya ambaci jarrabawa, ya ambaci Litinin. Aka ce in zai goge jan layin, ya ɗauka. Ya dubi allon, ya dubi tsohuwar, ya ce gara ya bar shi yadda yake. Ya miƙa mata da kansa.

Tara da kwata muka kama hanya, kaina sakayau babu kaya, amma ban taɓa jin nauyi irin na ranar ba. A Birnin Gwari muka samu lorin doya ƙarfe sha biyu. Yaya ya biya wa kansa gidan gaba, ya nuna wa yaron mota ni. "Wannan safiyo ne, ɗora shi sama ya ga ƙasa sosai." A Buruku ba wanda ya sara mana. Mun shiga gida ana kiran magariba.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu, da tela mai masauki, da Kaka mai itace, da Inna da ta riƙe hannun Baba bayan bulala ta huɗu.

Ranar Lahadi Yaya ya wuni a zaure yana sake zanen da ka, a kan ƙyauren tsohon kabad. Ya kai Zariya ranar Litinin fentin bai bushe ba, ya ci jarrabawa da ƙyar. Ya ce bai kai rabin na farko ba. Na farkon kuwa, tela ya aiko mana cewa tsohuwar ta rufe bakin rumbunta da shi, kuma ta sa fuskar zanen tana kallon waje.