Hannu a Bangon Ɗakin Aidin

A shekarun tsuke bakin aljihu aka sallami maigidana daga koyar da kimiyya a Kabo, muka dawo gidan gado a Gwarzo. Bai iya zaman banza ba. Ya riƙa zuwa wani kwazazzabo a bayan Kutama yana ɗebo fararen duwatsu, wai akwai zinari a ciki. Ni ke dakawa a tsohon turmi har su zama gari, shi kuma ya jiƙa garin da aidin, irin wanda ake ɗiga wa gyambo, a manyan kwalabe. Ya ce aidin na narkar da zinari kamar yadda ruwa ke narkar da gishiri.

A ɗakin marigayi mahaifinsa yake aikin. Wari ya kama gidan, faratansa suka rine. Rannan na ajiye masa koko a bakin ƙofa, na dawo na tarar samansa ya koma baƙi-baƙi kamar shuni. Na yi salati. Ya yi dariya, ya ce haka aidin ke yi wa duk abin da ke da sitaci.

Wata Laraba da hantsi ya ƙwala mini kira. Na same shi tsaye, yana kallon bango. A kan farar ƙasar akwai shatin hannu, ruwan ƙasa, tar kamar yanzu aka dafa.

"Tururin ne ke kama maiƙon hannu," in ji shi. "Nawa ne."

"Malam, ƙirga yatsun."

Huɗu ne. Babu ɗan ali. Baba, mahaifin Malam, shi ne injin niƙa ya cinye wa wannan yatsa tun yana saurayi.

"To, nasa ne na da," ya ce a hankali.

"Bayan sadakar arba'in ɗinsa na shafe ɗakin nan. Da hannuna, sau biyu."

Ya ɗora tafinsa kusa da shatin, ya janye da sauri.

Bayan la'asar ya tace kwalba ɗaya, ya ƙona abin da ya kwanta. Zinarin bai kai ƙwayar gero ba. Ya haƙa rami a bayan gida ya binne sauran kwalaben, ya sa wa ɗakin kwaɗo. Da damina ta faɗi ya koma noman gyaɗa a gonar Baba. Har ya rasu, in zai wuce ƙofar ɗakin nan sai ya yi sallama.