Haƙoran Lahadi

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2023, na fara ganin Milka Kumai. Ni ne akawun ɗakin ajiye gawa a wani asibiti a Kafanchan, ita kuma ta zo daga Kwoi neman mijinta, Zamani. Motar da ya shiga da buhunan cittarsa ta yi karo ta kama wuta, aka kawo mana gawa huɗu da ba a iya gane su. In ba a tantance ba, rami ɗaya za a sa su. Ita kuwa so take a binne shi a bayan gidansu, kusa da iyayensa.

Manomiya ce, ta haura hamsin, ƙafa duk faso. Kullum takan zauna a bencin ƙofata. Na gaji da ba ta amsa ɗaya.

"Mama, babu sabon labari."

"Oga akawu, ni ma ba ni da sabon miji. Zan jira."

Daga baya aka turo likitar haƙori daga Jos, Dakta Stella, ta tambayi iyalai ko mamatan sun taɓa gyaran haƙori. Milka ta ce na Zamani na sama duk na roba ne. Likita ta ce ai sun narke a wutar.

"Ina! Suna cikin kofi a gida," in ji Milka. "Wa zai sa haƙoran Lahadi ya tafi kasuwar citta? Sai sujadar coci da biki. Marowaci ne, wai kada su lalace."

Likita ta bayyana mana cewa a ganɗa, wato rufin baki, akwai ƙananan kunyoyi kamar na gona, kuma na kowa daban ne. Harshe da kumatu kan kare su daga wuta, robar kuma tana ɗauke da shatinsu. Washegari Milka ta kawo haƙoran a ƙulle cikin ɗankwali. Gawa biyu ba su da haƙoran sama. Da aka ɗauki shatin bakinsu aka gwada, ɗaya ya dace.

Takardun sakin gawa suka ja har damina ta sauka, kafin aka binne Zamani a gidansu. A shekarar cuta ta cinye cittar Milka. Ta bar noma, ta koma wurin 'yarta Dinah a Madakiya, inda take sayar da kunu a bakin hanya.