Ɗiyar da Yayata Ta Kawo Mini

Shekarar da fari ya koro mutanen karkara zuwa Yamai, ina aikin buga takardu a wani buro na gwamnati, maigidana kuma yana koyarwa a lakwal. Daga Damagaram muka zo, muna zaune a Yantala. Shekararmu tara da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba. Yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ma'aikaciyar jinya ce, kuma a lokacin an tura ta sansanin da sojoji suka tara masu gudun yunwa a bayan gari.

Wata ranar Alhamis da la'asar ta shigo gidanmu da goyo. Yarinya ce da ba ta wuce shekara ɗaya da rabi ba, gashinta ya yi ja, cikinta a kumbure.

"Uwarta ta rasu shekaranjiya," in ji Yaya. "Ba uba, ba dangi. Riƙe ta, ɗiyarki ce."

Na ce, "Yaya, kin tabbata?"

Ta ce da hannunta ta rufe wa matar ido.

Watan farko yarinyar ba ta kuka, ba ta dariya. In na ba ta kunu sai ta riƙe ludayin da hannu biyu, ta ƙi saki ko ya ƙare. Muna tsintar gutsuren burodi a ƙarƙashin tabarma da cikin takalmin maigida, ita ke ɓoyewa. Gero ya yi wuya, don haka mu muka koma tuwon jar dawar taimako, ɗan geron da aka samu kuwa nata ne.

A jikin randa ta koyi tsayuwa. Ta fara ce mini Inna, shi kuma Baba. In yana duba littattafan ƴan lakwal sai ta fizge jan bik ɗinsa na rubutu ta zane masa ƙafa, shi kuwa ya miƙa mata ɗayar. Ran Lahadi mukan hau mobilet, ɗan babur ɗinsa, mu uku zuwa Saga, ta yi ta bin balbelu a bakin gonakin shinkafa har ta faɗi cikin taɓo. Abu ɗaya ne bai bar ta ba: da ta ji ƙarar kamiyo, babbar motar soja, sai ta shige cikin zanena.

Bayan shekara biyu, ruwa ya dawo, an samu hatsi. Wata safiyar Asabar ina yi mata wanka aka yi sallama. Wata siririyar mata ce tare da wani dattijo, kawunta. Ta zauna, ta sha ruwa, idonta na kan yarinyar. Ta ce tana kwance ba lafiya a sansani wata ma'aikaciya ta karɓi ɗiyarta don a ba ta magani. Washegari sojoji suka loda kowa a kamiyo aka mayar da su ƙauyukansu, ba mai ikon buɗe baki. Da ta samu ƙarfi ta dawo Yamai, ta nemo ma'aikaciyar, aka ce mata ɗiyar ta mutu. Sai kwanan nan wata da ta yi girki a sansanin ta gaya mata gaskiya.

"Akwai tabon ƙuna a bayan cinyarta ta hagu," in ji ta.

Na san tabon. Kullum safe nake shafa masa man kaɗe.

Ko mayafin kirki ban ɗauka ba na tafi gidan Yaya a Gaweye. Na tarar da Yaya tana tsintar shinkafa.

"Yaya, matar da kika rufe wa ido tana gidana."

Ba ta ɗago ba. "Da na bar mata ita, da a hanya za ta mutu. Ke kina kukan rashin ɗa, ita ba ta da abin ba ta. Laifin me na yi?"

"To, da ta dawo da ƙafarta fa? Me ya sa kika ce mata ta mutu?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Maigida ya ce ba za mu kai uwa gaban alƙali a kan ɗiyarta ba. Na san gaskiyarsa, amma na yi kwana biyu ban yi masa magana ba. Matar ta zauna da mu mako uku don yarinyar ta saba da ita. Ni na koya mata yadda take son kununta, da cewa ba a tsefe mata kai sai an ba ta abin riƙewa. Ranar tafiya na raka su tasha. Yarinyar ta ɗauka yawo za a je, tana ɗaga mini hannu tana dariya.

Sau ɗaya na je ƙauyensu, bayan shekara uku. Ta girma, lafiyarta ƙalau. Ta gaishe ni da ladabi irin na baƙuwa, ta koma wajen ƙawayenta.

Kawunmu ya zo daga Damagaram ya sasanta ni da Yaya. Muna gaisawa, ina zuwa bikin ƴaƴanta. Amma har ta bar duniya ba ta taɓa ce mini in yafe mata ba. A wajenta alheri ta yi mini, ni ce ban gode ba.