Neman Iri Tsakanin Kasuwar Marke da Rumbun Sarki

Mun bar rijiyar Dakoro tun kafin kiran assalatu, ranar Lahadi, watan bakwai na manoma yana da kwana uku. Mu biyu ne, ni Nomau da taubashina Arzika, ɗan gwaggona. Muna kore da jakuna huɗu masu mangala babu komai a ciki, da raguna shida da gidaje tara na ƙauyenmu suka haɗa. A lokacin ba wanda ya taɓa ganin Nasara a ƙasarmu, kuma wuri ne kuɗi.

Iri ne ya fitar da mu. Fara ta sauka mana da kaka, abin da ta rage muka ci, da rani ya yi tsanani har irin shuka muka daka. Ga shamuwa ta riga ta iso. In ruwan shuka ya sauka ba mu da abin zubawa a rami, gidaje taran nan sai ƙaura. Aka zaɓe ni don na taɓa bin fatake shekara biyu, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Arzika kuwa, in ji Inna mahaifiyata, an haɗa ni da shi ne don in sami mai ja mini linzami.

A bakin danga Inna ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Nomau, iri a kai ake sayen shi. In ba ka ga zangarniya da idonka ba, kak ka saya."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsofaffi.

Rana ta farko da ta biyu: daji

Da hantsi muka wuce gonakinmu na ƙarshe, da la'asar sakaliya muka sauka rijiyar Ajekoriya, zango guda cur. Muka biya masu guga wuri ashirin suka shayar mana da dabbobi. Kashegari muka yini cikin geza da sabara, muka kwana kusa da rugar wasu Fulani da suka ba mu nono a kan ɗan gishiri.

A wannan hanya gardamar ta fara, kuma ba ta ƙare ba har muka dawo. Muna da wurare biyu a gabanmu. Akwai Birni, kwana uku daga gida, wanda ba zan faɗi sunansa ba don jikokin sarkin suna nan da ransu. Mun ji labari sarkin ya sa an yi shela cewa tiyar hatsi wuri hamsin ce, wanda ya ƙara ko wuri ɗaya a ƙwace kayansa. Akwai kuma Kasuwar Marke, kwana biyu gaba da Birni, a kan iyakar ƙasa biyu, inda ba sarkin da ke sa wa kowa suna a kayansa.

Arzika ya ce, "Mi za ya kai mu Marke? Ga sarki mai tausayin talakka ya yanke kuɗɗi. Mu saya hamsin-hamsin mu koma."

Na ce, "Bawana, ba ka san kasuwa ba. Hatsi ba shi jin shela. Inda anka fi biya, can shika tahiya."

"To da haka nan, mai raguna shi ci, marar raguna shi mutu ke nan?"

"Da haka nan mai hatsi ka jin labarin tsada shi ɗauko jakinai daga nesa. In sunka taru da yawa, kuɗɗin shi sauka da kainai."

"Kahin shi sauka an binne rabin gari," in ji Arzika. Ya ƙara da cewa tun da na bi fatake na dawo da baki na bar hankali a can. Na ce shi ai ko bakin ba shi da shi.

Rana ta uku: Birni

Mun isa ƙofar arewa ana kiran azahar. Sarkin ƙofa ya leƙa mangalolinmu, ya ga wayam, ya karɓi wuri goma a kan kowane jaki, biyar a kan kowane rago. Muka sauka gidan wata fatoma, mai saukar da baƙi, ana ce mata Kuluwa.

Ranar kasuwa ce, sai muka wuce can kai tsaye. Akwai tukwane, akwai tabarmi, akwai kanwa. Layin ma'auna hatsi kuwa fes yake, an share shi, ko kaza ba za ta sami abin tsattsaga ba. Wani dogari na zaune a kan turmi yana gadin doka. Arzika ya tambaye shi ina hatsin hamsin. Ya ce, "Kuɗɗin dai hamsin na. Hatsin, sai ka tambayi masu shi."

Da muka koma masauki na nemi fura. Kuluwa ta dubi ƙofa, ta dubi katanga, sannan ta shiga ɗaka ta fito da dunƙule biyu a ƙarƙashin faifai. Wuri talatin ta karɓa, abin da a shekarar lafiya ake saya biyar.

"Tun da anka yi shela ƙauyawa sunka bar kawowa," in ji ta. "Wa za ya ɗauko kayanai kwana biyu shi zo a sa mai suna? Ni ta bayan gida nika saye, tiya metan, wuri ɗari biyu cur."

Arzika ya ce, "To rumbun sarki hwa?"

"Shi ka riƙe da mu. Kowace Juma'a ana auna ma kowane gida tiya biyu. Ba don shi ba da kun iske kango. Amma na ƴan gari na, baƙo ba shi da rabo, kuma ko ƙwara ba ta hita ƙohwa."

Kowannenmu ya tsinci abin da yake so a maganarta. Amma ni ne na fi baki a yammacin nan, kuma ban tausaya wa Arzika ba. Na ce ya ci hamsin ɗinsa ya sha ruwa.

Rana ta huɗu da ta biyar: Kasuwar Marke

Muka fita ta ƙofar kudu da asuba, muka ƙetare gulbi a bushe da hantsi, muka kwana a wani ƙauyen maƙera. Ranar Alhamis kafin rana ta take muka hango itatuwan marken da kasuwar ke ci a ƙarƙashinsu.

Har yanzu in na tuna raina yana yin fari. Taiki bisa taiki, takarkarai daga kudu ana sauke musu kaya, Buzaye da raƙumansu, mata masu awo sun yi layi har ƙarshen inuwa. Na dafa kafaɗar Arzika na ce, "Ga hatsin da ba shi jin shela." Ya yi ta kallo.

Raguna suka tafi a zambar uku-uku, wato wuri dubu uku kowanne, aka cire la'ada. Hatsi kuwa, macen farko ta ce tiya metan. Na taya ɗari, ta ce albarka. Na ga ɗaurarrun dammuna a gefe guda, gero a kansa, amma mai su ya yi musu kuɗin da ko rabin jakunanmu ba za mu cika ba. Muna tsaye sai ga wani dillali mai fara'a, ya ce ya ji harshenmu na arewa ne, yana da sussukakken gero a taiki, ɗari da hamsin.

Na zura hannu har gwiwa. Ƙwara tsaf, ba ƙwaro, ba tsakuwa. Na tauna, na ji zaƙi.

Arzika ya ce, "Inna ta ce a kai."

Na ce, "Inna ta taɓa zuwa Marke? Kai sayen kara kake so, ni ƙwara nika so." Na ja ciniki har ɗari da arba'in, na sa aka yi mini gyara tiya uku, muka cika mangala huɗu. Daren nan na yi barci irin na wanda ya gama aikinsa.

Rana ta bakwai: ƙofar kudu

Niyyata mu zagaye Birni ta yamma. Amma a ƙauyen maƙera aka ce mana an ga mahara a wannan dajin, sai muka ga gara dogari da mashi. Ranar Asabar da walaha muka tsaya ƙofar kudu da kaya niƙi-niƙi.

Sarkin ƙofa ya soka hannu a mangala, ya yi murmushi. "Hatsin da ya shigo Birni na Birni na. Ku tai rumbu a auna a biya ku hamsin."

Na roƙa, na rantse iri ne na gidaje tara, ba na sayarwa ba. Ya ce ba shi ya yi doka ba. Muna tafe dogari a bayanmu, na juya ga Arzika na ce, "Ga sarkinka mai tausayi." Sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ji kunyar maganata.

Mai kula da rumbunan sarki wani tsoho ne mai ido ɗaya, ana ce masa Baba Gado. Rumbuna goma sha ɗaya ke hannunsa. Muka durƙusa muka gaishe shi, na sake jero roƙona. Bai dube ni ba. Ya ɗebi ƙwara a tafin hannu, ya kai kusa da idonsa mai gani, ya mirza, ya jefa ɗaya a baki.

"Ina za ku shibka wanga?"

"Dakoro, Baba."

"Wata nawa ruwa ka yi muku can?"

"In Allah ya so mu, ukku."

"To wanga maiwa ta. Ɗiyana, ba ku san maiwa ba?"

Ba mu san ta ba. Sunanta kawai muke ji. Mu mutanen arewa ba ma noma ta, don sai ta yi wata biyar a gona kafin ta nuna, damina tamu kuwa ba ta kai nan. A kai, ko yaro zai ga bambanci in an nuna masa. In an sussuke, sai wanda ya girma da ita. Baba Gado ya ce a ciki ba ta da laifi, tuwonta ma ya fi laushi, amma in muka shuka ta a Dakoro za mu yi noman kara mu ba jakuna.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na tuna Inna a bakin danga. Da mahara ba su tare dajin yamma ba, da sarkin ƙofa ya ji roƙona ya bar mu muka wuce, da na kai wa gidaje tara yunwa a kan jakuna huɗu, ina tafe ina yabon kaina.

Arzika ne ya yi magana. "Baba, ba mu son wuri. Ku kuna bukatar abin dakawa yau, mu muna bukatar abin shibkawa. Ba a musanya?"

Tsohon ya ce ba shi da ikon fitar da ko zangarniya ɗaya sai da bakin sarki. Ya tafi fada ya bar mu da dogari tun azahar. Ban taɓa ganin inuwa mai nawar tafiya irin ta ranar ba. La'asar ta yi, ta wuce, sannan ya dawo yana ɗingishi, ya ce sarki ya yarda, a buɗe rumbu na tara.

Gero ne a kansa, ɗaure dami-dami, na zakkar da ake karɓa a ƙauyukan arewacin Birni, dami ɗaya cikin goma kowace kaka. Gajeren kai, cike, irin namu sak. Aka ba mu dami goma sha biyu a kan dukan maiwarmu. In an sussuke bai fi kashi biyu cikin uku na abin da muka kawo ba, kuma ɗan kasuwar da ke cikina ya so ya buɗe baki. Arzika ya taka mini ƙafa.

Baba Gado ya raka mu har ƙofar arewa da kansa don kada a tare mu. A can ya ce mini, "Ka ce ma masu kawo hatsi su riƙa biyowa nan." Na ce, "Baba, ranar da anka ɗage shela za su zo ba a kira su ba." Ya yi dariya ya ce shi ma ya faɗa a fada, ba a ji ba.

Rana ta takwas zuwa ta goma: gida

Kwana uku muka yi, muna kallon gabas fiye da hanya. Gardama kuwa ta dawo da ƙarfinta tun a zangon farko. Arzika ya ce ba don rumbun sarki ba da mun hallaka. Na ce ba don Marke ba da mi za mu ba rumbun? Ya ce kasuwar da ba mai tsawatawa ita ta sayar mini da maiwa da sunan gero. Na ce dokar da ta kori hatsi ita ta kai mu can tun farko. Ya ce ni dai in yi shiru, mutumin da bai san maiwa ba. Shekara talatin ya yi yana jifana da wannan magana.

Ranar Talata da la'asar muka shiga ƙauye, hadari yana haɗuwa. Inna ta zare zangarniya ɗaya daga dami, ta mirza a hannu, ta hura. Ta ce, "Ka ji magana, Nomau." Na dubi Arzika. Ya dubi sama, ya bar ni da yabon da ban ci ba har bayan sallar magariba, sannan ya ba kowa labari.

Mata suka kwana biyu suna sussuka, aka raba gida tara. Daren Alhamis ruwa ya sauka, Juma'a muka shuka. Ruwan shekarar bai cika wata uku ba, amma geronmu ya riga ya nuna.

Da kaka na tafi wajen Azagor neman wani jakina da ya ɓace, na bi ta wani ƙauye da ban sani ba. Gonakinsu kara ne dogo ya fi ni tsawo, ya bushe a tsaye, ba kai ko ɗaya. Rabin bukkokin ba kowa. Na tambayi wani tsoho da ke zaune a gindin adua inda suka sami iri. Ya ce a Marke, wurin wani dillali mai fara'a, har gyara ya yi musu.

Na dawo gida na ɗaure dami biyu a kan jaki na kai masa, a kai, don ya gani da idonsa.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Baba Gado, ya saka wa Kuluwa da furarta mai tsada. Ya jiƙan Arzika, wanda ya rasu bara bai yarda na fi shi gaskiya ba, ni ma ban yarda ba. Har da sarkin ƙofar kudu ina sa shi a addu'a, mutumin da na roƙa da hawaye ya ƙi ji.