Farantin da bai tsiro da komai ba

Har na yi ritaya ban manta da Talatar da na buɗe na'urar ɗumama na tarar da faranti fes ba. Damina ce, shekarata ta biyu a ɗakin gwajin ruwa a Jimeta, ina ƙaramin ma'aikaci, kaina cike da karatu.

Ga wanda bai san aikin ba: ruwa ake ɗebowa a kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyi, a shafa a farantin da ke da abincin bakteriya, a bar shi cikin ɗumi kwana guda. Abin da ya tsiro shi muke rarrabewa, domin ba kowace ƙwaya ce abokiyar gaba ba. Wasu na ƙasa ne, ba ruwansu da kowa. Wasu kuwa daga cikin mutum suke fitowa.

Yara sun yi ta gudawa a wani layi a Wuro Hausa, duk kuma rijiya ɗaya suke sha, ta gidan wata tsohuwa, Dada Hajara. Ni aka tura. Ƙa'ida ita ce in ja ruwan da hannuna, amma rijiyar tana cikin gida, mata na ta hidima, kunya ta kama ni. Na tsaya a zaure na miƙa wa Dada kwalba. Ta ɗan jima, ta dawo da ita cike.

Washegari na kai wa shugabarmu Madam Rahila farantin ina murna, na ce rijiya lafiya lau. Madam 'yar Ganye ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗaga shi ga haske, ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko na taɓa ganin kasuwar Jimeta babu ko mutum ɗaya. Ruwan rijiya da damina, in ji ta, ko mai kyau ne sai an sami 'yan gari a ciki.

"Usmanu, kai ka ja gugan?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi. Mayafinta kawai ta ɗauka ta ce mu tafi.

Da Madam ta tambaye ta ko ruwan rijiyar ne ta zuba a kwalbar, Dada ba ta ɓoye ba. Ta ce dafaffen ruwa ta zuba, wanda take ba jikarta tun da ciwon ya kama ta. Da farko ta ce ai ba a ba baƙo ruwan da ba a yarda da shi ba. Madam ta zauna kusa da ita a tabarma, sai ga sauran maganar ta fito. Marigayi mijinta, Malam Buba, shi ya haƙa rijiyar ya bar wa layin sadaka.

"In kun rufe ta, ladan Malam ya tsaya ke nan," in ji ta. "Ba abin da ya bari sai ita."

Tausayinta ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi. Madam ta ce: "Dada, ba rufewa muka zo yi ba. Bari mu san wa ya shiga ruwan, mu san ta inda ya bi." Amma ta roƙe ta kowa a layin ya dafa ruwa tukuna.

Wannan karon ni na ja. Farantin ya cika da ɗigo-ɗigo masu ruwan hoda. Na rina su na duba a madubin ganin ƙwayoyi, 'yan sanduna ne jajaye. Muka ƙara musu zafin da na ƙasa ba sa jurewa, suka ci gaba da yaɗuwa, sauran gwaji ma ya tabbatar: irin na hanjin mutum ne. Ke nan masai ne ke yoyo a kusa. Muka koma muka same shi, sabo, a bayan katangar maƙwabta, damina ta haɗa shi da rijiyar.

Mutanen layin suka cike masan, aka haƙa wani nesa. Aka yashe rijiyar, aka ɗaure bakinta da siminti, muka zuba kulorin mai kashe ƙwayoyi. Sau uku ina dawowa gwaji kafin Madam ta sa hannu. Kafin nan jikar Dada ta miƙe.

Ku da kuke fara wannan aiki, ku ja ruwanku da kanku, ko gidan wa ne; sallama ake yi a shiga. In kuma faranti ya fito fes fiye da kima, ku koma ku zauna da mai rijiyar, wataƙila tsoro ne a ciki.

Ranar da na kai wa Dada takardar shaidar cewa ruwan ya gyaru, ba ta ko dube ta ba. Ta jefa guga da kanta, ta cika kofi ta miƙo mini.

"Wannan ban dafa ba, ɗana."

Na shanye, na yi wa Malam Buba addu'a.