Ranar da Haladu Ya Zo Gayya da Jita

Haladu ba ya taɓa ganga sai ya ɗanɗana ƙasa. Duk wanda ya yi gayya tsakanin Mahuta da Dandume ya ga wannan da idonsa. Zai iso bakin gona da gangar noma a kafaɗa, ya durƙusa, ya lakato ƙasa ya sa a harshe, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. In laka ce ya saki kiɗa mai nauyi, in jigawa ce ya ƙara sauri, garma kuma ta bi shi sau da ƙafa.

Ni taubashinsa ne, don haka ina da bakin tsokana. Na ce, "Haladu, wata rana kashin jaki za ka lasa."

Ya ce, "Na sha lasa a gonarku. Ya fi miyar gidanku gishiri!"

Taurin kai kuwa, sai dai a yi shiru. Wani Alhaji dillalin auduga ya taɓa neman ya yi masa take irin na manoma. Haladu ya ce, "Alhaji, miƙo hannu." Ya shafa tafin, ya girgiza kai. "Kai, kamar na jariri! Ba kanta, ba take. Je ka yi kunya goma ka dawo." Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya shige mota.

To, wannan mutumin ne ya je Funtua kai auduga, 'yan shekaru bayan naira ta maye fam, ya gamu da Sande. Sande ɗan wani Ibo ne mai gyaran rediyo, haifaffen Funtua, Hausa a bakinsa ta fi tawa. Yana da 'yan kiɗa a wani otal: jita biyu, fiyano, da gangunan Turawa. Ya ji muryar Haladu ya ce wannan muryar ta fi ƙarfin gona. Kafin wata uku sun yi kaset.

Samarin Funtua suka haukace a kansa. Direbobin Malumfashi ba su da abin saurare sai shi. Mu a ƙauye muka taru gindin rimi muka sa kaset ɗin. Muryar tasa ce, amma waƙar ta 'yan mata ce da mota da hasken lantarki. Ko sunan manomi ɗaya babu. Baba Sule, dattijon unguwarmu, ya ce, "Wannan wa ya mutu ake wa ƙarfe duka?"

Haladu ya dawo da wando mai faɗin ƙafa yana sharar hanya, ga suma kamar kwando. Na ce, "Taubashi, ina hularka?" Ya ce, "Ba ta shiga. Zamani ya cika kan."

Da damina ta sauka na aika masa goron gayya, kamar kowace shekara. Ya zo. Amma ba ganga. Jaki ya koro, ɗauke da batirin mota da lasifika, ga Sande da jita, ga wani da ƙaramar fiyano a ka. Samari talatin suka jera da garemani. Aka saki kiɗa.

Wayyo! Kiɗan rawa daban, saran garma daban. Kafin ka ɗaga garma kiɗan ya wuce ka sau biyu. Wasu suka bi jita, wasu suka bi fiyano, kunyoyi suka karkace kamar maciji ya bi. Rabin samarin suka yar da garemani suka kama rawa. Baba Sule ya yi ƙoƙarin kamo kiɗan, ƙugunsa ya riƙe, aka kai shi inuwa yana salati. Jakin ma ya tsinke igiya.

Yau ana ba da labarin ana dariya. Ranar ban yi dariya ba. Gonata ce, dawar shekarata ce, ga mutane na kallo. Na ce masa a gaban kowa, "Kwashe tarkacen nan ka fitar mini daga gona. Kai ba makaɗinmu ba ne yanzu."

Ya kwashe kayansa ya fita. Wannan ne karo ɗaya a rayuwarmu da na faɗi magana bai rama ba.

Daga nan ba wanda ya ƙara aika masa goro, tunda ni ɗan uwansa ma na kore shi. Damina uku muna ɗauko wani makaɗi daga wajen Musawa. Na haɗu da Haladu a kasuwar Dandume, ya rame, ya aske sumar. Ya ce, "Taubashi, yaushe gayyarka? Na gyara abin nan."

Na ce, "Zan aiko."

Ban aika ba. Ba fushi ba ne a lokacin, kunyar ido ce. Na ce sai baɗi. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi da bazara, kafin ruwan farko.

Sande ya zo ta'aziyya, ya zauna a ƙarshen tabarma. Ya ce, "Yaya, ka san ya kusa sa a kore mu daga otal? Duk ranar gwaji sai ya ɗauko garma yana huɗa a tsakar gidan otal, mu kuma mu bi saransa da jita. Wai sai kiɗan ya zauna daidai da garma. Shekara biyu! Ya tone wa mai otal fulawowinsa kaf. A ƙarshe kuwa kiɗan ya zauna, wallahi ya zauna. Ya ce kada mu kaɗa wa kowa, a gonarka za a fara ji."

Mutanen wurin suka yi dariyar fulawowin. Ni na sunkuyar da kai.

Allah Ya jiƙan Haladu, Ya yalwata kabarinsa, Ya yafe masa kurakuransa. Ni kuma, ya Allah, Ka sa ya yafe mini. Amin.