Gidajen da Dakta Habibu ke Zanawa a Gindin Ɗorawa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Dakta Habibu, mai binciken irin gero, wanda na yi aiki da shi ina malamin gona a gonar gwaji da ke bayan Tsanyawa. Allah Ya jiƙansa. Mutum ne da in ya tsuguna duba zangarniya ɗaya, sai ka je Ɗambatta ka ci kasuwa ka dawo bai miƙe ba.

Amma da rana ta take, sai ya ce kowa ya ajiye ma'auni. Ya share ƙasa a gindin ɗorawa, ya zana gidaje da kara kamar na dara, wasu tsaye wasu kwance, kowane gida harafi ɗaya. Sannan ya jefo tambaya: ciyawar da ke shan jinin dawa, ko tsutsar da ke huda kara. Sharaɗinsa guda, amsa da Hausar manoma. Nan masu digiri ke susar ƙeya. Ni kaina, da surutuna ya isa korar tsuntsayen gona uku, sai in koma ƙirga gidajen da yatsa.

Wata shekara manoma suka juya mana baya, don wani daga cikinmu ya kira irinsu na gado tsohon yayi. Dakta kuwa irin nan yake nema ido rufe. Baba Ɗanlami, dattijon da gonarsa ke jikin tamu, sallama ma da ƙyar yake amsa mana. Rannan ya tsaya da fartanya a kafaɗa, yana kallon yadda muke fama da tambaya mai gida shida: geron da ke nuna ko ruwa ya ɗauke da wuri. Can ya kasa daurewa.

"Kai, 'ya'yan nan, duk karatun naku?"

Ya faɗi sunan, ya zauna gyara mana sauran. Washegari ya zo da irin geron a cikin hularsa. Daga baya Dakta ya raɗa mini cewa don Baba ya zana gidajen, wai da tsohuwar zuma ake magani.

Yau masu bincike in an tashi hutu mota suke shigewa, kowa da wayarsa. Da Dakta na nan ba zai yi faɗa ba. Na rantse a bakin ƙofar motar zai yi zanensa, ya ga mai tsallakewa.

Iska ta share gidajen tuni. Geron kuwa yana gonaki har Zakirai, kuma babu mai kiran sa da sunan Dakta. Da sunan da Baba ya faɗa ake sayen sa, yadda marigayin ya so.